Ummi, ga amsar tambayarki kan duban wata

Ummi takwarar tsohuwata, Allah ya yi miki albarka.

Saƙonki ya iso. Ƙaninki ne ya kunna mini bayan la'asar, sai da na sa ya maimaita, don ku yaran yanzu ba kwa bari kalma ta huta kafin ku ɗora mata wata. Kin ce a ajinku can Jami'ar Bayero an nuna muku yadda ake lissafa haihuwar wata da sa'arsa da mintinsa, na bana da na baɗi har na shekara 100 masu zuwa. Kin ce to don me duk shekara za a bar mutane cirko-cirko a daren 29, mata ba su san ko su ɗora tukunyar sahur ba, tela bai san ko zai kwana a kan keke ba, ana jiran a ce an gani ko ba a gani ba. Har kika cika da cewa a 2030 za a yi azumi sau biyu cikin shekara guda, wayarki ta gaya miki.

Na yi dariya har kakarki ta leƙo daga ɗaki tana tambayar ko lafiya. Na ce mata uwata ce ta hau rimi, ta hango abin da tsofaffi ba su hango ba. Bayan dariyar kuma sai na yi jim, saboda kin yanka mana azumi biyu a 2030 ba ko in Allah ya kai mu.

Kada ki ɗauka lissafin nan da kwamfuta ya zo. Malamin da muka yi karatu a zaurensa, can wajen Madabo a gindin Dala, masanin hisabi ne na gaske, Allah ya jiƙansa. A wurinsa na fara jin cewa wata kwana 29 ne da rabi da 'yan mintoci, shi ya sa wani ya yi 29 wani ya cika 30. Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kwana 11, don haka azumi yake ja da baya yana ratsa hunturu da kaka da damina da bazara, sai bayan kamar shekara 33 ya komo inda ya tashi. Ya haddace taurarin nan 28 da manoma ke aiki da su, kowanne kwana 13, ban da Jabaha mai 14, ki haɗa ki gani ko ba 365 za ki samu ba. Manoman ƙauye kan tsaya ƙofar zaure ranar Juma'a, su cire takalmi su durƙusa, su ce Allah gafarta Malam, wane tauraro muke ciki? Ya faɗa musu, ya ce amma ruwa na Allah ne. Agogo kuwa yana da shi, wani attajirin Kurmi ya kawo masa tsaraba daga Makka, amma cikin gafaka yake ajiye shi tare da takardu. In azahar ta gabato sai ya fita tsakar gida ya tsaya cikin rana, ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, sawu bayan sawu, ya dawo ya ce wa ladan ya kira. Mu yara mukan faki idonsa mu zaro agogon mu duba, ba mu taɓa kama shi da kuskuren da ya kai a faɗa ba.

Azumi biyu a shekara guda da kike ɗoki, na gan shi a 1965, na sake ganinsa a 1997. Na 1965 nake son ba ki labari, na biyunsa, wanda ya zo a ƙarshen Disamba.

Lokacin ina saurayi ɗanye, ina karatun Iziyya da safe, da hantsi in tafi rumfar kawuna a Kurmi. Hunturun shekarar ya yi tsanani. Hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsage, in ka tsaya a lungunmu da ƙyar kake ganin kan Dala. Kwana biyu kafin 29 ga Sha'aban Malam ya ɗauko wani ƙaramin allo da ba ya bari a taɓa, ya zauna kan buzu yana ɗiga lambobi da tawada yana gogewa da yatsa. Da ya gama ya ce wa manyan ɗalibai, mu ƙanana muna rakuɓe muna saurare, wata zai tsaya daren 29, amma siriri ne ƙwarai kuma ba zai jima a sama ba. Ya ce kada wanda ya fitar da maganar waje.

Ranar da yamma aka jingina tsani muka hau soron gidansa. Ba mu kaɗai ba, duk inda kika waiga mutane ne a kan soraye, wasu samari sun hau Dala tun la'asar sakaliya. Tsofaffi sun yafa bargo, yara suna ta nuna sama da yatsa suna ihun ga shi, ga shi, ana kwaɗe musu kai. Rana ta yi jajawur ta nutse cikin hazo wajen Goron Dutse tun kafin ta kai ƙasa. Aka sauka aka yi magariba a gurguje aka sake hawa. Malam ya san daidai inda za a duba. Ya miƙa hannu ya ce daga inda rana ta faɗi ku ɗaga ido kaɗan, nan yake. Muka ƙura ido har hawaye ya zubo. Shi ma ya ƙura, ya goge ido da bakin rawani, ya sake ƙurawa. Babu komai sai toka-toka.

A soron da ke maƙwabtaka da namu akwai wani bawan Allah marini, a karofi yake wuni. Hannuwansa sun rine da baba har gwiwar hannu, ko ranar Sallah ba sa fita. Karatunsa bai wuce na sallah ba, kuma mutum ne mai in'ina, ba ya son magana cikin taro. Sai muka ji ya yi kabbara a hankali. Ya ɗago hannun nan baƙi ƙirin yana nunawa, bakinsa na rawa, kalma ta ƙi fita. Kafin mu juya mu bi yatsansa hazo ya sake haɗewa.

Malam ya sauko, ya aika a kira shi zaure. Mutumin ya shigo yana ta sunkuye-sunkuye, zai zauna bakin ƙofa wajen takalma, Malam ya matsa ya ba shi gefen buzunsa. Wannan kaɗai ya sa zauren ya yi tsit, don ko manyan ɗalibai masu karatun Muhtasar ba sa hawa buzun nan. Ya tambaye shi a natse. Daga ina ka gan shi, dama da mafaɗar rana ko hagu? Tsayinsa daga kan katanga kamar nawa? Ƙahonninsa ina suka kalla? Marinin ya kasa bayani da baki, sai ya tanƙwara yatsa ya kwatanta, cikin watan yana fuskantar inda rana ta faɗi, ƙahonni sama. Ya ce s-siriri ne, Allah gafarta, kamar abin da aka yanke daga farce. Malam ya gyaɗa kai. Daga baya ya koya mana cewa gefen wata mai haske kullum rana yake kallo, duk wanda ya ce ya ga ƙahonni sun juya wajen rana, to gajimare ya gani ko son zuciyarsa.

Wani babban ɗalibi, mai kaifin kai amma da rawar kai, ya kasa haƙuri. Ya ce Allahu akbar, lissafin Malam bai faɗi ƙasa ba, a fita a gaya wa mutane gobe azumi. Ban taɓa ganin fuskar Malam ta canja irin ta daren ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, allona ya ce wata yana nan, bai ce za a nuna mini shi ba. Ni da na lissafa an rufe mini, wannan da bai lissafa ba an buɗe masa. Ya ce kuma a mazhabarmu mutum guda ba ya tsayar wa gari wata, sai adilai biyu ko jama'a masu yawa da ba za su haɗu kan ƙarya ba. Shi wanda ya gani azumi ya hau kansa, kuma wajibinsa ne ya kai maganar gaban hukuma. Mu namu jira.

Marinin ya ce shi fa ba zai iya tsayawa gaban alƙali ba, bakinsa zai ɗaure. Malam ya miƙe ya saɓa bargo ya ce mu je tare. Aka ba ni fitilar ƙwai na riƙe. Har gobe ina ganin tafiyar nan a idona. Lungu ya yi duhu, sanyi na shiga ƙashi, ni a gaba da fitila, marini a tsakiya, Malam da farin gemunsa a bayansa. Duk inda muka gifta mutane na zaune ƙofar gida sun kewaye wuta, su zabura su gaishe shi, su ce Allah gafarta Malam an gani? Ya ce ni dai ban gani ba, ga wanda ya ce ya gani, za mu kai shi. Mutumin da ake zuwa daga Zariya da Katsina ɗaukar karatu wurinsa, ya ratsa unguwa guda yana shelar bai gani ba.

A ƙofar gidan alƙali muka tarar da wasu daga wata unguwa sun zo da irin maganar. Aka shiga da su, mu yara aka bar mu waje muna karkarwa. Sai da dare ya raba muka ji bindiga ta tashi daga wajen fada, mata suka ɗauki guɗa gida-gida, aka fara jin turmi da taɓarya. Masallatai suka cika aka tayar da asham. A hanyar komawa Malam ya sa marinin ya maimaita addu'ar ganin wata a bayansa har ta zauna masa, wadda ake roƙon aminci da imani a cikinta, a ƙarshe mutum ya ce wa watan Ubangijina da Ubangijinka Allah ne. Ya ce masa kai ya kamata ka karanta ta ɗazu, mu ba mu samu rabon ba.

To azumin nan, uwata, shi ne na Hijira 1385. Mun ɗauke shi kowa da lissafinsa. Kawuna ya saro yadi bashi yana jiran cinikin Sallah. Teloli sun karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsu, yadda suka saba. Mu samari mun yi tashe tun daga goma ga wata, mun bi Nalako ana farautar gwauraye, muna ƙirga kwanakin da suka rage a yi hawa, wa zai tsaya ina a Ƙofar Kudu ya ga Sarki Ado, wanda lokacin bai fi shekara biyu da 'yan watanni a kan gado ba. Muna cikin goman ƙarshe, ranar Asabar 15 ga Janairu 1966, gari ya waye da labarin sojoji sun kashe Sardauna a gidansa a Kaduna, sun kuma ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko. Na ga dattawa masu rawani zaune a ƙasa kewaye da akwatin rediyo suna sharar hawaye. A Kurmi aka dinga rufe rumfuna. Ranar Malam bai biya wa kowa karatunsa ba. Ya sa wani mai murya ya karanta ƙarshen Suratu Luƙman, inda Allah yake cewa rai bai san abin da zai aikata gobe ba, rai bai san a wace ƙasa zai mutu ba. Ya sa aka maimaita. Sa'an nan ya ce, ranar Sallah tana cikin allona tun Sha'aban, wannan Asabar ɗin ba ta ciki. Bai ƙara ko kalma ba, ya shige gida. Sallar ta zo a lokacinta kuwa, aka je idi aka dawo, amma yadin kawuna ya kwana a rumfa har bayan Babbar Sallah.

Tsohuwata, wadda kika ci sunanta, ba ta yi karatu mai zurfi ba. Ko cewa kika yi gobe za ki kai mata niƙa sai ta ce gobe ta Allah ce. Muna yara abin har haushi yake ba mu. In an yi mata zancen wani mai ilimi sai ta ce gaba da gabanta. Mahaifina kuma nasa shi ne, wanda ya ce ya gama sani ranar ya fara mantuwa. Malam shi da labarin Imamu Malik yake mana horo. Ya ce an yi masa tambaya 48, ya amsa 32 daga ciki da ban sani ba. Wani ya taso daga ƙasa mai nisa da tambayar mutanen garinsu, Malik ya ce bai sani ba, mutumin ya ce to me zan koma in gaya musu, ya ce ka ce musu Malik bai sani ba. Shi ya sa malaman zaure ko sun warware mas'ala sarai sai sun rufe da wallahu a'alamu, kuma ba don ado suke faɗa ba.

Yanzu fa? Ƙaninki yakan karanto mini abin da ake rubutawa a Facebook daren duban wata, sai in ce ya rufe haka nan. Yaron da bai sauke Ahalari ba yana ƙaryata malamai. Wannan ya ce shi Saudiyya yake bi, wancan ya ce shi sai ya gani da idonsa, alhali yana kwance a ɗaki ƙarƙashin fanka, bai ko leƙa tsakar gida ba. A gida ɗaya sai ki ga wani na azumi wani na cin tuwon Sallah. Mu a da in Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi magana daga Sakkwato, ta zauna, kuma shekara 50 ya yi a kan gadon nan, daga 1938 zuwa 1988. Ba wai mutanen da ba sa saɓani ba ne, suna yi, har mai zafi. Amma akwai kunya, mutum yakan ji nauyin ya buɗe baki kan abin da bai karanta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a hawa soro kuma. Yaran unguwar nan kaf, ban ga wanda zai iya nuna miki Kaza da 'Ya'yanta ko Gamzaki ba. Benaye sun tare yamma, fitilu sun kashe taurari, badalar da muke hawa mu hangi faɗuwar rana an cinye ta da gine-gine. Kowa ya sunkuyar da kai kan waya yana jiran wani ya duba masa sama.

Kada ki ce kakanki ya ƙi ilimin zamani. Ni na matsa wa babanki ya bar ki ki yi karatun nan, kuma ina alfahari da ke. Lissafinku yana da babban amfani. Akwai shekarun da aka yi ta cewa an ga wata a lokacin da masana suka ce bai ma haihu ba, ko ya riga rana faɗuwa. Da Malam na raye da shi zai fara cewa a binciki mai shaidar, irin binciken da ya yi wa marini. Kwamitin duban wata na ƙasa da ke kai wa Sarkin Musulmi rahoto yanzu ma ai da masana taurari a ciki, suna faɗin inda za a duba da daren da ganin ba zai yiwu ba. Akwai kuma malamai a wasu ƙasashe da suka ce a tsaya kan lissafi kawai, suna da hujjojinsu. Mafi yawa suka ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi ku yi azumi don ganinsa, ku sha ruwa don ganinsa, in an rufe muku ku cika 30. Wannan gardama ta fi ƙarfin ɗan kasuwa irina, kowa ya iya allonsa ya wanke.

Ni dai abin da na lura da shi, umarnin nan bai bar kowa a baya ba. Makiyayi a daji da bai taɓa riƙe alƙalami ba zai iya, marini zai iya, farfesa ma zai iya in ya yarda ya fito waje. Kuma dare guda a shekara, attajiri da gwamna da malami duk sai sun zauna ba su san me gobe za ta zama ba, har sai an gaya musu. Ke kina ganin wahala ce. Ni ina ganin mutumin da komai nasa yake a rubuce, albashi ranar kaza, jirgi ƙarfe kaza, jarrabawa wata kaza, yana buƙatar irin daren nan ko don ya tuna ba shi ke juya abin ba. Tukunyar sahur kuwa, kakarki ta fi shekara 50 tana jiƙa gero tun yammar 29. In an gani ta dama kunu, in ba a gani ba a sha shi da safe da ƙosai, ba a taɓa zubarwa ba. Tela kuma ko shekara guda kika ba shi sai daren Sallah zai haɗa miki, wannan ba laifin wata ba ne.

Yanzu ni ma ga tawa tambayar, ki kai wa malaminku, gemu ba ya hana ilimi. Tun ina yaro nake ganin jinjirin wata wani lokaci ya kwanta sosai ƙahonni sama, wani lokaci ya ɗan karkata gefe. Tsofaffin mata kan fassara shi da abubuwa iri-iri, Malam ya hana mu saurarensu, ya ce tafiyar rana ce da ta wata, zai yi mana bayani in mun kai wurin. Ban kai ba kasuwa ta ɗauke ni, shi kuma Allah ya karɓi abinsa. Ki tambayo mini dalilin, ki sa a zana miki a takarda da manyan layuka, don idon nan tun da aka yi mini aikin yana ba ya ɗaukar ƙananan rubutu. In kin zo hutu ki taho da ita, ba ta waya nake so ba.

Ki gaida babanki, ki ce masa tsanin soro ya karye tun damina, na yi masa magana ya ce zai turo kafinta, har yau shiru.